Kwandon Farko a Gonar Suruki

Duk wanda ya taɓa kiran Aƙilu casar masara tsakanin Bakori da Danja ya san dokarsa tun kafin a sauke injin daga amalanke. Ba a matsowa da babbar riga, ba a matsowa da mayafi, in kuma injin ya shaƙe ba mai zura hannu sai an kashe shi ya yi tsit. Bel ɗin ma ya sa an yi masa raga ta ƙarfe, har abokan sana'a suna yi masa tsiya, wai ya gina wa injin keji kamar mai kiwon tantabara. Shi dai murmushi kawai yake yi. Ya taɓa ganin bakin injin ya haɗiye rawanin wani bawan Allah kafin ka ce kwabo, kuma don mutumin yana da sauran kwana ne rawanin bai zarge masa wuya ba.

To, mutumin da ya taɓa ce wa dagaci ya ja da baya, yau ga shi yana zufa tun rana ba ta yi zafi ba. Gonar Alhaji Zubair ce, mahaifin Najiba, matar da aka kawo wa Aƙilu wata bakwai da suka wuce. Tun da aka ɗaura auren nan Aƙilu bai taɓa haɗa ido da surukinsa ba. In ya hango shi a kasuwa sai ya sake layi, in kuwa sun yi kaciɓis sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa ya yi ta gaida ƙasa.

Da safe Najiba ta faɗa masa, tana zuba masa koko, cewa Baba shi ke zuba kwandon farko da hannunsa, da bismillarsa, tun tana ƙarama haka ake yi. Aƙilu bai damu ba, don ya ɗauka da kayan gona tsohon zai zo. Ashe daga wurin suna a Malumfashi Alhaji zai wuto. Sai ga shi ya sauko daga babur cikin farar shadda da ta sha sitati, babbar riga har ƙasa, amininsa Malam Isah na biye da shi.

Injin na ta ruri, 'yan ƙwadago sun yi cirko-cirko da kwanduna. Alhaji ya amsa gaisuwa, ya yarfa hannuwan riga bisa kafaɗu, ya sunkuya ya ɗauki kwando. Aƙilu na kallon shaddar nan tana zamewa daga kafaɗar dama a hankali. Ya san da zarar an karkata kwandon, hannun rigar zai bi masarar cikin bakin injin, kuma haƙoran da ke ciki ba su san shadda ba, ba su san suruki ba. Tsoro ya kama shi, kunya ta danne shi, gaba kura baya siyaki. Ya miƙa hannu ya kashe injin.

Gonar ta yi shiru, har kana jin kukan kurciya daga gawon da ke kan iyaka.

"Lafiya?" in ji Alhaji, kwando na hannunsa.

"Mai nake dubawa, Baba," in ji Aƙilu, kansa a ƙasa. Ƙarya ce, kuma bai iya ta ba. Ya buɗe tanki ya leƙa, ya rufe, ya taɓa nan ya taɓa can. Da ya ga dabarar ba ta kai shi ko'ina ba, ya ce, "Ko Baba zai zuba yanzu yana kashe, in ya so sai a tada?"

"A'a. Shekara ashirin ina zubawa yana ci ina ji. Tada shi, Malam Aƙilu."

Nan fa aka zo wurin. Aƙilu ya durƙusa a gaban surukinsa.

"Baba, Allah ya ba ka haƙuri. Ba zan iya tada shi ba sai an cire rigar."

Wani ɗan ƙwadago ya saki kwandonsa. Malam Isah ya riƙe haɓa.

"Kai Aƙilu! Surukin naka kake ce wa ya tuɓe a gaban jama'a? Ina tarbiyya? Tsautsayi ai ba ya wuce ranarsa."

"Haka ne, Malam," in ji Aƙilu. "Amma in zai zo, kada ya biyo ta hannuna."

Alhaji Zubair ya ajiye kwandon a hankali. Mutum ne da ba a musu da shi ko a cikin 'ya'yansa, kowa a wurin ya san haka, shi ya sa 'yan ƙwadago suka shiga duban tafin hannunsu.

"In na ƙi fa?"

A nan ne Aƙilu ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ya ɗaga kai ya dubi surukinsa ido cikin ido, hawaye ya cika masa ido taf.

"Sai in ɗora injina in mayar, Baba, a kira wani. Shi ma in ya zo, zan tsaya a nan in roƙe shi kada ya tada. Gara ka yi fushi da ni da hannunka biyu."

Wallahi ba ƙaramin abu ya yi ba. Mazan da za su tari ɓauna sun fi yawa a kan waɗanda za su faɗi haka ga uban matarsu. Aƙilu ya mayar da kansa ƙasa, yana jiran a ce ya tashi ya bar gonar, yana tunanin da wace fuska zai shiga gida ya dubi Najiba.

Alhaji ya dubi bakin injin, ya dubi hannun rigarsa da ya riga ya zame har yana jan ƙasa. Can sai ya cire hula ya miƙa wa Malam Isah.

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi," in ji shi. Ya zare babbar rigar ta kai, ya tsaya daga shi sai 'yar ciki da wando. "To, maigidan injin, an bi doka. A tada."

Aƙilu ya miƙe ya tada injin. Tsohon ya yi bismillah ya juye kwandon, masara ta shiga, tsaba ta fara zubowa rawaya a kan tamfol, totuwa na tsalle ta gefe. 'Yan ƙwadago suka yi kabbara kamar yau suka fara ganin masara.

Da Alhaji ya ja da baya nesa da injin, Aƙilu ya ninke rigar, ya kakkaɓe mata ƙaiƙayi, ya je ya durƙusa ya miƙa da hannu biyu. Alhaji bai karɓa ba.

"Riƙe, taka ce," in ji shi. Ya juya ga amininsa. "Isah, ka ce ina tarbiyya. Ga ta nan a durƙushe. Ban yi wa Najiba zaɓen tumun dare ba." Sannan ya nuna Aƙilu da yatsa. "Amma in na gan ka da ita kusa da injin nan, ni da kai ne."

Aƙilu ya buɗe baki zai yi godiya, sai kunyar ta dawo masa gaba ɗaya. Ya rungume rigar a ƙirji, ya ci gaba da gaida ƙasa.