Hayaƙi a Bayin Gidan Ahmadu

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta iso mu ji ta.

Can ƙarshen Rigasa, inda wutar lantarki ba ta kai ba balle famfo, akwai wani kafinta Ahmadu da matarsa Rakiya, da mahaifinsa Malam Ja'afaru, tsoho mai nauyin ji. Rijiyar da suke sha tana tsakar gida, shi ya sa Ahmadu ya ƙi haƙa masai kusa da ita. Ya gina busasshen bayi: ɗan ɗaki mai daɓen katako a sama, rumbun bulo a ƙasa. In mutum ya gama sai ya zuba gwangwanin garin katako a ramin, ya koma gefe inda aka yi wa ruwan tsarki tasa hanyar. Abin in ya shekara sai ya zama taki, a kai wa alayyafo.

To, wata Talata da hantsi garin katako ya ƙare a bokiti, Ahmadu kuma yana shagonsa a Kurmin Mashi. Rakiya ta ji ɗan wari, ta tuna mijinta ya ce toka ma tana yi. Ta kwaso cike da faranti daga murhun da ta dama koko, ta juye a ramin. Ba ta taɓa ta ji ko ta huce ba, kun ji inda aka samu matsala.

Tana tsince shinkafa ta ɗaga kai, sai ga siririn hayaƙi yana fita ta bututun saman bayin. Ta ajiye shinkafar. Tun tana ƙarama ake ja mata kunne cewa ba a zuba abu mai zafi a bayi, wurin yana da masu shi. Ta fara Ayatul Kursiyyu. Ba ta kai rabi ba ta shaƙi ƙaurin katako, nan ta gane garwashi ne ya kama garin katakon wata bakwai da ke jibge a ƙasa.

Ta miƙe ke nan ta hango sandar Malam jingine a bakin bayin. Ƙofa a rufe, an sa sakata.

Shekara huɗu tana gidan nan ba ta taɓa haɗa ido da surukinta ba, ko abinci a durƙushe take ajiye masa ta ja da baya. Ta je ta ƙwanƙwasa a hankali, sai ta ji gyaran murya daga ciki, wato akwai mutum. Ta ƙara bugawa da ƙarfi tana cewa, "Baba, wuta!" Aka sake gyaran murya, wannan karon da faɗa a ciki. Bai ji me ta ce ba, kuma shi ba ya magana a bayi ko sama za ta faɗo.

Ta ruga jikin katanga ta ƙwala wa maƙwabciyarta kira. "Yaya Larai! Baba ne a bayi!"

"To ni zan riƙe masa butar?" in ji Larai daga can.

"Wuta ce a ƙarƙashinsa!"

"Innalillahi! Ɓalle ƙofar, ga ni nan zagayowa!"

"Surukina ne fa, Yaya!"

"To bar shi ya gasu, in Ahmadu ya dawo ki ce masa kunya kika ji!"

Hayaƙi ya fara tuɗowa ta ƙarƙashin ƙofa. Tsoho ya kama tari, sakata tana ƙaras-ƙaras, hannunsa ya kasa zare ta. Sai kuma ta ji ɗas, katakon daɓen ya tsage.

Rakiya ta suri taɓarya. Bugu na uku sakata ta yi tsalle. Ta cire hijabinta ta wurga ciki don ya rufe jikinsa, ta kau da kai, ta laluba cikin hayaƙin har ta kama damtsensa ta fizgo. Ƙafarsa ɗaya ta riga ta burma, takalmin ya tafi ƙasa. Suka zube tare a tsakar gida, shi yana tari, ita tana kuka tana cewa, "Baba ka yafe mini, ni na zuba tokar."

Larai ta shigo da ruwa bokiti biyu, ta sheƙa har hayaƙin ya mutu. Malam ya daɗe yana maida numfashi, lulluɓe da hijabi, sannan ya ce, "Ke 'yar nan, bar kukan haka, ɗebo mini ruwa in sha."

Ƙunar Malam a tafin ƙafa ce kawai, sati biyu ya warke ya koma masallaci. Takin dai ya lalace, Ahmadu ya kwashe shi ya zuba daɓen siminti. Larai ta yi wata guda tana ba da labarin a wajen niƙa. Rakiya kuwa tana nan gidanta lafiya, har ta haifi namiji da damina.