Ƙugiyar Ƙasimu

Har aka kira assalatu ban runtsa ba. Ba zafin Gwandu ya hana ni barci ba, jerin sunayen nan ne da Malama Habiba ta turo mini ta waya. Na karanta shi ya fi sau goma: Kasimu, Dahiru, Baidu, Danjumma, Hakilu.

Ni ne mai kula da kwamfutocin wata ƙungiyar manoman shinkafa. Babbar kwamfutarmu tana ofishin Gwandu, a cikinta akwai folda guda mai ɗauke da hotunan takardun rajistar manoma, kowane fayil da sunan mai shi. Ofishin Kalgo yana shiga wannan folda ta layi. Girmanta ya kai idan aka ce a buɗe ta gaba ɗaya daga can, sai kwamfuta ta sandare, saboda haka ba mai buɗewa. Suna kawai ake rubutawa a gurbin bincike, fayil ya fito.

A makon da aka fara rabon irin noman rani, kwamfutocinmu suka sabunta tsarinsu da kansu. Washegari bincike ya daina fitar da komai. Na kwana biyu ina fama: na duba izinin shiga, na sake haɗa layin, na sa babbar kwamfuta ta sake gina jadawalin da take amfani da shi wajen nemo fayil. Mafi yawan sunaye suka dawo. Wasu kuwa suka ƙi. Nan shugaban ƙungiya, Alhaji Haliru, ya yanke hukuncin cewa Malama Habiba, akawun Kalgo, ita ta goge su cikin ruɗani, kuma ya ce yau zai ba ta takardar sallama.

Abin da ya hana ni barci shi ne wani aiki da na yi da damina, lokacin da ofis ba kowa. Na ga yadda aka rubuta sunayen mutane ba ƙugiya, abin ya dame ni kamar tsakuwa a tuwo. Na bar jami'a da yaƙinin cewa wanda ya rubuta baki a madadin baƙi ya ci amanar harshensa. Sai na zauna na gyara su ɗaya bayan ɗaya, ban shawarci kowa ba, ban kuma gaya wa kowa ba. Daga baya ma na manta. Da matsalar nan ta taso, sunayen da Malama Habiba ta turo nake kwafa in liƙa a gurbin bincike, yadda ta rubuta su.

Na shiga motar farko zuwa Birnin Kebbi, daga nan na kama ta Kalgo. Duk tsawon hanya ina lallashin kaina cewa wataƙila zato ne kawai, ina roƙon Allah ya sa laifin sabuntawar ne.

A ƙofar ofis na tarar da wani dattijo a kan benci, hularsa a gwiwa. Malam Ƙasimu ne daga Diggi, yau kwana uku yana zuwa, don ba a ba manomi iri sai an ga takardarsa.

"Kai ne likitan injin?" ya tambaye ni. "To tambaye shi, ko ya ji labarin rasuwata ne ban sani ba? Ga ni zaune, shi ya ce babu ni."

Na yi murmushin yaƙe na shige.

Malama Habiba ta girme ni da shekara ashirin, ta yi aiki da tafireta tun kafin a sa ni makaranta. Na same ta ta tattara kofinta da dardumarta cikin leda, ta ajiye a gefen kujera.

"Injiniya, ka iso? Zo ka ga abin da anka ce na cinye."

"Ina kwana, Yaya Habiba."

"Kwana dai an yi shi. Wallahi Shamsuddeen ban taɓa komi ba. Ni ko ƙudan da ya sauka bisa allon nan ba ni kora sai na yi bisimilla."

Alhaji Haliru yana tsaye bakin taga, farar ambulan ta leƙo daga aljihun rigarsa.

"Bar rantsuwa, Habiba," ya ce. "Fayil ba ya da ƙafa. Shamsu, duba mana, in sun tafi mu san sun tafi."

Na zauna a kujerarta. Na rubuta Kasimu. Kwamfuta ta yi ɗan juyi, ta ce ba ta sami komai ba. Na goge harafin farko, na sa alamar tauraro a wurinsa, wadda ke gaya wa kwamfuta ta karɓi kowane harafi ne. Yatsana ya daɗe a kan maɓalli kafin in danna.

Ya fito. Ƙasimu Haruna Diggi, da ƙugiyarsa a kai, tsaf yadda na rubuta shi da hannuna. A wurin kwamfuta, K da Ƙ ba dangin juna ba ne ko kaɗan. Na gwada Dahiru, na gwada Baidu. Duk suna nan, ba wanda ya taɓa su sai ni. Ba a gane ba tun damina domin ba wanda ya nemi takardar kowa sai da rabon iri ya zo, shi kuma ya faɗo mako ɗaya da sabuntawar.

"Allahu akbar!" in ji Alhaji, ya dafa kafaɗata. "Kun ga amfanin karatu? Ya tono abin da ta binne." Ya juya gare ta. "Kin ci sa'a yaron nan ya iya aikinsa. Amma ba zan jira karo na biyu ba."

Malama Habiba ta sunkuya tana gyara bakin ledarta, wadda ba ta bukatar gyara.

Na ga hanya a buɗe gabana, mai faɗi, mai sauƙi. In yi shiru, in koma Gwandu, in mayar da sunayen yadda suke cikin dare ɗaya. Alhaji zai riƙa ba da labarina a taro. Ba wanda ke cikin ɗakin nan da zai iya gano gaskiya, domin ita kanta Malama Habiba ta fara shakkar hannunta. Shekara biyu na yi ina neman aiki kafin in sami wannan, kuma na san Alhaji ba ya son a kunyata shi gaban ma'aikata.

"Ranka ya daɗe," na ce, muryata ƙasa-ƙasa. "Ba a goge komai ba. Dubi harafin farko."

Ya matso, ya sa tabarau.

"Mi ag ga wannan? Ƙa ce mana. Ai haka sunan yake."

"Haka yake. Amma ba haka aka shigar da shi ba, kuma allon rubutun nan ba shi da ita. Ni na canza su da damina, ban sanar da kowa ba. Yaya Habiba ta nemi abin da ta ajiye ne, ni na sauya masa suna."

Ana jin tarin Malam Ƙasimu daga waje. Alhaji ya cire tabarau, ya dube ni tsawon lokaci.

"Wato kai da bokonka ka sa na kusa cin zalin matar mutane."

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Za mu yi magana a Gwandu," ya ce. Ya tura ambulan can cikin aljihu, ya fita ba sallama.

Malama Habiba ta zaro kofinta daga leda ta mayar kan tebur.

"Injiniya," ta ce, "ƙugiya dai ta kamun kifi ce. Kai ka tashi kama ni da ita."

Na buga takardar dattijon na miƙa mata ta kai masa. Sannan na jawo kujera kusa da tebur, na buɗe sunan farko, na bar shi da ƙugiyarsa, na ƙara rubuta shi a gaba yadda yatsunta suka saba. Na adana, na nema, ya fito. Na wuce na biyu.