Gaisuwar Tsaye

A shekarar 1984 ina koyar da 'yan aji biyar a wata firamare a Gashuwa. Sunana Meram, kuma kowa ya san ba ni da haƙuri.

A wajenmu in babba ya kira yarinya, sai ta cire takalmi, ta durƙusa, ta sunkuyar da kai. In ya ce shiga ɗaki ki ɗauko min abu, ba ta tambaya. Tarbiyya ce, ban musa ba. Amma akwai Falmata a ajina, 'yar shekara goma sha ɗaya, kuma sau uku ina ganin wani dattijo yana tare ta a hanya da alewa, yana riƙe mata hannu ya ƙi saki. Kallon da yake mata bai yi min ba sam. Wallahi na ji tsoro.

Sai na ware ranar Alhamis. Na ce musu, maza da mata, duk inda tufa ta rufe a jikinku ba mai taɓawa, ko wane ne. In babba ya kira ki ba kowa a wurin, ki gaishe shi a tsaye, takalmi a ƙafa, daga bakin ƙofa. In ya ce shigo, ki ce, "A'a, Baba, ba zan shiga ba," da ƙarfi yadda na waje zai ji. In ya matso, ki ruga wurin mata, sannan ki faɗa a gida ko ya ce sirri ne. Muka yi ta gwadawa, ni ce babban, su suna ihu, har malamin aji huɗu ya leƙo yana tambaya ko gobara ce.

Ba a yi sati biyu ba Malam Madu, baban Falmata, ya zo ofishin hedimasta yana huci. Ashe mai alewar nan amininsa ne, Dunoma, mai fataucin bandar kifi. Wai Dunoma ya je gidan, Madu ba ya nan, Falmata ta gaishe shi a tsaye kamar soja, ta ƙi shiga zaure.

Madu ya ce, "Malama, rashin kunya muka kawo ta ki koya mata?"

Na ce, "Malam, wadda ta durƙusa ba takalmi, ta yaya za ta gudu?"

"Gudun me? Da Dunoma aka yanka ragon sunanta!"

Na faɗi abin da na gani a hanya. Ya ce in ji tsoron Allah. Hedimasta ya ce in daina darasin. Na ce to. Alhamis na zagayowa na rufe tagogi muka ci gaba.

Da aka yi hutu, Madu ya damƙa wa Dunoma amanar Falmata, ya kai ta wurin goggonta Hajja a Nguru, tunda shi ma can za shi. Hajjar ce ta ba ni labari daga baya. Sun isa bayan azahar. Maimakon gida, sai ya wuce da ita shagon da yake ajiye kifi a bayan tashar jirgi, ya sallami 'yan dako, ya ce ta shiga ta huta. Ta tsaya a bakin ƙofa. Ya kama hannunta ya ja. Yarinyar nan ta buɗe murya: "A'a, Baba, ba zan shiga ba!" Ta fizge, ta faɗa cikin mata masu sayar da tuwo. Ɗaya ta miƙe da muciya a hannu, Dunoma ya shige shago ya kulle kansa. Su suka raka ta gidan Hajja, ta kuwa faɗi komai, har da maganar alewa.

Ranar da aka koma makaranta, sai ga Madu a ƙofar ajina, riƙe da ƙaramar 'yarsa Fanna, 'yar shekara bakwai. Na tanadi maganganu masu zafi, amma da na ga yadda ya rame sai na haɗiye su. Fanna ta sunkuya za ta cire takalmi ta gaishe ni.

Ya ce, "Bar takalminki. Tashi tsaye."

Sannan ya ce, idonsa a ƙasa, "Malama, na san ba ta kai aji biyar ba. Don Allah a bar ta ta riƙa zama a baya ranar Alhamis."