Haddar Baba

Tun rasuwar Mama mu biyu ne a gidanmu na unguwar Zamalek, ni da Baba. Shi yana aiki a ofishin jakadancin Najeriya, ni ina karatun haɗa magunguna a jami'ar Giza. Baba Benjamin, kamar yadda kowa ke kiransa, yana da ciwon da ba na asibiti ba: tarihin Waldensiyawa. In ka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ya bi da kai ta wajensu kafin ya duba agogo.

Na haddace labarin tun ina ƙarama. Wasu Kiristoci ne da suka taso a Faransa fiye da shekara ɗari uku kafin a san wani abu Furotesta. Suka sa aka juya musu Littafi Mai Tsarki zuwa harshen da suke ji, manyan coci suka hana su wa'azi, suka ƙi bari, aka kora su cikin duwatsu. Masu wa'azinsu kan yi shigar 'yan koli, su bi ƙauyuka bibbiyu, Bishara a ka, don abin da ke cikin kai ba a ƙwace shi a ƙona. Baba kan ce su ne kakanninmu a bangaskiya. Ni kuwa, kunnen da ya sha wannan labari shekara ashirin, ai ina da haƙƙin yin hamma.

A shekarar 2012 Harun ya shigo mana. Bazazzage ne, mahaddacin Alƙur'ani, yana nazarin addinai a wata jami'a a unguwar Madinat Nasr. Wani malaminsa ya ba shi bincike a kan ƙungiyoyin da suka yi wa coci tawaye a zamanin da, aka ce masa ga wani dattijo a Zamalek. Ya zo sau ɗaya, Baba ya riƙe shi har la'asar. Daga nan kowace Asabar sai ga shi, ya sha matsi a mikrobas, ƙaramar bas ta haya, riga duk ta yamutse, yana murmushi.

Ba zan ɓoye ba, na tsani murmushin nan. Yaron bai yi mini komai ba, har durƙusawa yake ya gaishe ni, ya ce Anti Marta, alhali bai fi ni ƙuruciya da shekara biyu ba. Amma Baba yake ce wa mahaifina, ba Baba Benjamin ba, Baba kawai, kamar tare muka gaje shi. Kujerar Mama da ni kaina ba na zama a kai, a kanta aka zaunar da shi. Tabarmar salla ma Baba ya saya masa da kansa a kasuwar Ataba, mutumin da bai taɓa sanin kuɗin takalmina ba.

Ranar da Baba ya ba shi labarin haddar Waldensiyawa, Harun bai yi mamaki ba ko kaɗan. Ya ce ai abu ne mai yiwuwa, ya shiga bayanin yadda suke yi a tsangaya: a ɗauki kaɗan, a maimaita har harshe ya saba, a haɗa na jiya da na yau, kuma lallai a sami mai riƙe littafi yana sauraro. Na ga idon Baba ya kawo ruwa. Ni da na kawo sakamakon jarrabawa mafi kyau a ajinmu, tamam, wato ya yi, kawai na samu.

Sai suka fara rufe ƙofar falo. In na kawo shayi, su yi shiru har in fita. Na fara zuba wa Harun gishiri fiye da kima a miya, yana shanyewa yana godiya, abin ya ƙara ƙona mini rai.

Wata Asabar na kai maƙura. Na tura ƙofar ba sallama. Baba na zaune ido rufe yana karanto Bishara da Hausa, Harun na gefe da Littafin Baba buɗe a kan matashi, yana bi da ido. Na ce wa Baba in ɗa namiji yake so ya faɗa mini, in tattara in koma Kaduna wurin gwaggo.

Harun ya miƙe zai fita, Baba ya ce ya zauna. Sannan ya juyo wajena, amma ba daidai inda nake tsaye ba, ɗan gefe kaɗan.

"Marta, hawan jinin ido ne. Likita ya ce na hagu ya riga ya tafi, na dama ma ba zai daɗe ba. Ina so in zuba abin da zan iya a kai kafin lokacin."

Ni mai karatun magunguna, ni mai share ɗakinsa, ban lura ba. Tausayi ya kama ni, amma ko a lokacin abin da ya fito daga bakina daban ne.

"Shi ya sani, ni ban sani ba?"

Baba ya ce ba ya so in bar karatu saboda shi. Harun ya ce ma'alish Anti, in yi haƙuri, shi ma dama yana neman yadda zai faɗa mini, don wata mai zuwa zai koma gida, kuma hadda ba ta zama sai da mai sauraro kullum. Ya turo mini matashin da Littafin a kai.

Harun ya tafi a watan Yuli. Yanzu kowace safiya kafin in fita Giza ni ke zama a kujerar Mama, Littafi a cinya. Ran farko Baba ya tsallake aya a sura ta biyar, na yi caraf na gyara masa. Sai ya ce Harun ba ya faɗa masa, gyaran murya kawai yake yi, ya jira shi ya nemo da kansa.

Na haɗiye abin da ya taso mini. Da ya sake yin tuntuɓe, na yi gyaran murya, na jira.