Tartsatsi a Taransifomar Layinmu

"Sai an kashe ta!" Injiniya Rumaisa'u ta ce da ƙarfi, tana cire abin sauraro daga kunnenta.

Muna tsaye gaban taransifomar layinmu a Ƙaura Namoda. Na'urar da ke hannunta tana jiyo ƙananan tartsatsin da ke tashi cikin robar da ta rufe kebul, tun kafin ido ya ga komai. Ta ce tartsatsin ya ci robar, in aka bar ta za ta kama da wuta, ga shagunan mutane a gindinta.

Amma mahaifinta Malam Jelani, maƙwabcina, yana kwance cikin gida, injin iskar numfashinsa kuwa da wannan wutar yake aiki.

Muka shiga tare. Ta durƙusa ta faɗa masa.

"Mi kika jiyo, ɗiyata?"

"Kamar ana suyar ƙosai, Baba."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya daɗe yana koyar da kimiyya a sakandare. "To mi kike jira? Je ki kashe."

Layi ya ɗau hayaniya. Nasidi mai aski ya kinkimo janaretonsa, aka ja, ya ƙi tashi.

"Wannan naka ya fi Malam jin jiki!" in ji Tambari mai walda.

Ya ruga ya turo nasa a baro, mata na leƙe ta kan katanga suna ta kabbara. Sai da janareton ya tashi, injin iskar ya karɓa, sannan Rumaisa'u ta kira ofis aka yanke wutar.

Da abokan aikinta suka yanko kan kebul ɗin, Malam ya ce a kawo masa. Ƙunar ta yi rassa cikin robar kamar saiwar gero, saura kaɗan ta fasa waje. Ya bi ta da ɗan yatsa, idonsa na ƙyalli.

"Kun gani? Da kunne ta gano wagga!"

Duk wanda ya zo dubiya sai ya nuna masa.

Washegari bayan La'asar Malam ya cika, wuta ta riga ta dawo. Da muka komo daga maƙabarta na iske Rumaisa'u a zaure ita kaɗai, tana naɗe tabarmar da ya saba zama a kai.