Wata Biyar Cikin Tawada

Matata ta shekara uku tana ɗibar jinin kunkurun ruwa. Ba tsafi ba ne, bincike ne. So take ta nuna wane wata 'ya'yan marainan namiji suke zuba sinadarin da ke tayar masa da neman mace, wane wata kuma suke barci. Ta ce sinadarin yakan hau ya sauka, kuma ba lallai hawansa ya zo daidai da lokacin barbara ba. Na ce ashe ba mu kaɗai ba ne.

Saura wata biyar ta kammala sai ta rasu. Ni tsohon malamin adabi ne. Na karanta littattafai tuli a kan mutuwa, babu wanda ya koya mini soka wa kunkuru allura. Na koya. Duk farkon wata nakan je ɗakin gwajin, ƙaninta da ke aiki a can ya riƙe mini kunkuranta maza takwas ɗaya bayan ɗaya. In ɗebi jini, in rubuta wata da lamba a takardar jikin kwalba, in jefa cikin leda ɗaya a firiza.

Ita da fensir take rubutawa. Ni da alƙalamina na tawada, don a ganina fensir na 'yan firamare ne.

Ranar awon jinin ƙanin nata ya fito da ledar, ya ɗaga kwalba ɗaya yana juya ta.

"Malam, da me ka rubuta?"

"Da abin da masu ilimi suke rubutu da shi."

"To zo ka karanta mana, mai ilimi."

Danshi ya sha tawadar. Kwalba arba'in, kowacce da shuɗin tabo.

"Kana tsammanin talauci ne ya hana Yaya sayen biro?" in ji shi. "Fensir ba ya jin danshi."

"Jinin ai yana nan."

"Yana nan lafiya lau. Na wane wata?"

Na ce mu sake ɗiba. Ya tuna mini cewa da hannuna na mayar da kunkuran cikin tafki makon jiya, har na yi musu jawabi. Ɗakin ma an ba masu binciken kaji.

Ya miƙo mini ledar. Na tsaya ina neman inda zan kai ta.

A gida guntun fensir ɗinta yana nan cikin kofi, duk ta tauna gindinsa. Wata biyar ina ganinsa kullum.