Ƙyallen Fatar Tela

Kai mai karatu, kada ka yi mini fuskar rashin sani. Ka sha bi ta gaban ɗakin wankin ƙoda, ka ga mutane a jere na'ura tana juya musu jini, ka ce "Allah ya sawwaƙe" kana ƙara sauri kamar ciwon zai biyo ka. To, a gadon da ke kusa da taga, wanda ka ƙi kallo, Tela ne kwance, kuma yau sai ka ji labarinsa.

Tela ya tsufa a kan keken ɗinki yana gaya wa masu kaya su dawo jibi. Ciwon ƙodarsa na gado ne, shi ya ɗauke mahaifinsa. Amma ba nasa ciwon ke hana shi sukuni ba. Kwanan baya ya auna 'yarsa Auta zai yi mata wando, ya ga idon sawunta ya kumbura ya wuce awon da ya sani. Tela yakan yi ƙarya, amma tef ɗinsa bai taɓa yi ba.

Wata rana ana cikin wankin, wata likita mai bincike ta jawo kujera kusa da shi.

"Baba, ƙwayoyin jikinka muke roƙo. Ɗan ƙyallen fata za mu yanka, bai kai maɓalli ba. Mu mayar da ƙwayoyin tamkar yaran da ba su zaɓi sana'a ba, sannan mu koya musu zama 'yar ƙoda a cikin faranti. A kanta za mu gwada magani, ba a kanka ba. Je ka yi shawara. In ka ƙi, ba abin da zai canja a jinyarka."

Da ya koma gida, sai ya gajarce zancen. "Likita tana neman ƙwayata."

Uwargida ta saki tsintsiya. "Ƙwaya? Innalillahi! Da furfurarka ka fara shaye-shaye? Shi ya sa kake gyangyaɗi a kan keke!"

Kafin ya buɗe baki ta kira Yaya, wansa, mutumin da bai taɓa jin magana ya rasa hukuncinta ba. Yaya ya iso da haki, ya zazzage aljihun keken, bai samu komai ba sai maɓallai da maganin hawan jini. Da aka yi masa bayani, abin ya fi tayar masa da hankali.

"Wato shuka ka za su yi! Yau ƙoda, gobe hanci, jibi mu ga wani Tela ya shigo da sallama yana neman gado."

"Tela biyu?" in ji Uwargida. "Ɗayan ma tun bara yake riƙe da zanena."

"Kuma da 'yan tayi ake yin abin nan," Yaya ya ƙara. "Ban yarda ba."

"Wa ya gaya maka?" in ji Tela.

"Waya."

"Na ce wa ya gaya maka?"

"Na ce waya!" Ya ɗaga ta sama kamar shaida.

Ka ga irinmu ke nan. Bidiyo ɗaya a waya, mun gama digiri, mun yanke hukunci a kan ran mutum. Auta tana gefe, sai ta ja ƙafafunta ta ɓoye cikin zane. Tela ya gani.

"Yaya, gobe ka raka ni. Ka faɗa wa likitar a kan idonta."

Washegari Yaya ya shiga ofishin likita da babbar riga, ya ƙi zama. Ta saurare shi har ya gaji.

"Tambayarka tana kan hanya, Baba," in ji ta. "Akwai masu aiki da ƙwayoyin ɗan tayi, kuma gardamar da ake yi a kansu ba wasa ba ce. Namu daga fatar ƙaninka ne, da yardarsa. Ba za mu sayar ba, ranar da ya ce a daina kuma mun daina."

"To ita 'yar ƙodar, mutum ce?"

"Ba ta kai ƙwayar shinkafa ba. Ba ta gani, ba ta tunani."

"Za ta ci gado?"

"Baba, fitsari ma ba ta gama koyo ba."

Tela ya gyara zama, ya yi tambayar da ya kwana da ita. "'Yata, yaushe zan zo karɓar sabuwar?"

Likita ta dube shi. "Ba zan ruɗe ka ba. Da wuya kai ka ci amfaninta. Wataƙila 'yarka da ka ba ni labarin kumburinta, wataƙila jikoki, wataƙila ma mu gwada abin ya ƙi. Abin da ke hannu yau shi ne ka kawo yarinyar a duba ta tun da wuri."

Maganar ta soke shi. Ya daɗe yana kallon tabon allurai a hannunsa.

"Ka ji ko?" in ji Yaya. "Ba ta ma da tabbas. Tashi mu tafi."

"Na ji, Yaya. Ba ta ce mini jibi ba." Tela ya fara naɗe hannun riga. "Na san muryar mai alkawarin da ba zai cika ba, ai tawa ce. Wannan ba ita ba ce. Yanka, 'yata, amma ki bi layi, ba na son karkataccen yanka."

Tana ɗinke wurin yana leƙawa yana girgiza kai, wai ɗinkin ya yi faɗi. Da ta gama sai ta waiwayi Yaya ta ce suna buƙatar fatar ɗan'uwa mai lafiya don kwatance, in ya yarda.

"Ƙyale shi, tsoro yake ji," in ji Tela.

"Ni?" Yaya ya tuɓe babbar riga, ya miƙa hannu, ya kalli allurar kashe zafi, ya sulale ƙasa. Da aka yayyafa masa ruwa ya farfaɗo, sai ya riƙe ƙafar Tela. "Sun shuka ni?"

"Ba a ma taɓa ka ba, Yaya."

A makon nan Auta ta zauna a layin gwaji, ubanta a gefe yana auna idon sawunta da ido. An ce an tari abin da wuri. Tela ya koma gadonsa na kusa da taga, 'yar ƙodarsa kuma tana can cikin faranti tana koyon aiki.

Saura kai. Ajiye wayar nan, ka tambayi tsofaffin gidanku ciwon da ya ɗauke iyayensu, ka kwashi iyalinka a gwada muku ƙoda. In an roƙe ka ƙyallen fata, yi tambaya har likita ta gaji, sannan ka yanke shawara. Kada ka ce mini jibi. Tashi yanzu.